Na maƙale a kilomita 25, ga gudun Legas ya matso: in ci gaba ko in haƙura?

Dan_Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Na yi rajistar gudun fanfalaki na Legas da za a yi a watan Fabrairu, cikakken na kilomita 42, kuma tun ƙarshen damina nake atisaye. Matsalata biyu ce. Duk Lahadin da na fita dogon gudu, da na kai wajen kilomita 24 ko 25 sai ƙafafuna su mutu murus, gefen gwiwar dama ta waje kuma ya kama zugi, har saukowa daga bene sai na dafa bango. Ta biyun kuma gida. Ina da shago a Kwari, ba na dawowa sai bayan isha'i, in tashi kafin assalatu in fita gudu. Maiɗakina ta fara cewa ita da yara ba sa ganina sai ina barci. Hajiyarmu kuwa da ta ji labari cewa ta yi, "Wai kai wa ya biyo ka?" Saura wajen sati goma. In daure ko in koma na kilomita 10 kawai?

AbuSadiq_KD: Wa alaikumus salam. Kafin a ce komai, me kake ci kafin ka fita, kuma me kake sha a hanya?

Dan_Gwammaja: Ba na cin komai. Ruwan leda ɗaya nake saya idan na ga mai shago ya buɗe.

AbuSadiq_KD: To ai ga amsarka ta farko nan, ɗan'uwa. Ba ƙafarka ce ta mutu ba, mai ne ya ƙare a tanki. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma abin da yake iya ajiyewa ba ya wuce na gudun awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan ana ɗan matsawa. Wanda ya ci ya ƙoshi ma a kilomita 30 zuwa 35 yake gamuwa da wannan bala'in. Kai da ka fita da cikin jiya, dole ya tare ka da wuri. Ka ci tuwo ko shinkafa sosai daren Asabar, da asuba ka sha koko ko ka ci ayaba, sannan ka zuba dabino a aljihu. Bayan minti 45 ka fara jefa ɗaya a baki, kar ka jira sai ka ji yunwa. Ni da dabino na gama nawa, ban taɓa sayen wancan abin na leda da 'yan waje suke tsotsa ba.

Sarkin_Zolaya: Ni dai har yanzu tambayar Hajiya ce ba a amsa ba. Wa ya biyo ka? Mutum da ransa da lafiyarsa, ga adaidaita sahu ko'ina.

Ummu_Hanan: Malam Sarkin_Zolaya, a bari mutum ya samu amsa tukuna, sai a yi raha daga baya.

Likitan_Gashi: Batun abinci AbuSadiq ya gama magana. Ni gwiwar ce ta fi damuna, domin gashin ƙashi da gyaran gaɓɓai ne aikina. Zugi a gefen gwiwa ta waje, wanda yake zuwa bayan an yi nisa kuma yake tsananta wajen saukowa bene, yawanci wata doguwar jijiya ce mai faɗi da ta taso daga ƙugu ta bi gefen cinya ta sauka ƙasan gwiwa. Idan tsokar ɗuwawu da ta ƙugu ba su da ƙarfi, ko an ƙara nisan gudu da gaggawa, sai wurin ya fara ciwo. Akwai kuma abin da mutanenmu ba sa lura da shi: titunanmu a karkace suke zuwa kwata, idan kullum gefe ɗaya kake bi, ƙafa ɗaya tana sauka ƙasa da ɗaya har tsawon awa biyu. Ka rage nisa na sati biyu, ka riƙa motsa ƙugu da ɗuwawu sau biyu a sati, ka nemi fili mai laushi ko ka riƙa sauya gefen titi inda babu haɗari. Amma in gwiwar ta kumbura, ko tana kullewa, ko kana ɗingishi, wannan ba maganar intanet ba ce, sai an duba ka ido da ido.

Baba_Tsohon_Soja: Yaro, mu da muka yi gudu da takalmin soja da kaya a baya ba mu san wata jijiya ba. Ciwo ai ɗan'uwan atisaye ne. Ka daure kawai, jiki zai saba.

Likitan_Gashi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma irin ku ne kuke cika mana layi ranar Litinin da sanda a hannu. Akwai gajiyar tsoka, wadda ake daurewa, akwai kuma ciwon da yake tsaye wuri ɗaya yana ƙaruwa. Na biyun ba a daure masa.

Baba_Tsohon_Soja: Ni dai har yau da ƙafata nake zuwa masallacin Juma'a.

Nura_Jos: Bari in sa baki a matsayina na wanda ya taso inda ake wannan abu. Ku duba sakamakon Legas tun da aka fara shi a 2016: 'yan Kenya da Habasha ne suke cinye na gaba ɗaya, a ɓangaren 'yan Najeriya kuma sunayen 'yan Filato ne suka fi yawa, irin su Deborah Pam da Emmanuel Gyang. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, Pankshin ma kan tudu take, ga sanyi ga hawa da gangara. Iten ta Kenya kuwa ta kai wajen mita 2,400. Amma abin da nake so Dan_Gwammaja ya gane, waɗannan mutanen mafi yawan gudunsu a hankali suke yinsa. Za ka gan su da safe suna sassarfa suna hira. Sababbin shiga ne kullum suke gudu kamar an saki kare a bayansu. Idan ba za ka iya yin magana da na kusa da kai a dogon gudu ba, ka yi sauri da yawa.

Dan_Gwammaja: Gaskiya hira ba za ta yiwu ba a yadda nake yi. Haki nake tun daga Kabuga.

Nura_Jos: To ka gani. Rage wuta.

Ummu_Hanan: Kowa ya kama gwiwa da dabino, an bar maganar matarsa. Ni ce mace ta farko da ta yi magana a nan, to bari in faɗa. Yaya, ba gudun ne yake damunta ba. Mutum ya fita duhu-duhu, ya dawo ya yi wanka ya wuce kasuwa, Lahadin da ake sa ran za a zauna kuma ya dawo a galabaice ya kwanta har azahar, yara na wasa ana cewa a yi shiru Abba ya gaji. Wace mace ce ba za ta yi magana ba? Ka zauna da ita ka nuna mata kalanda, ka ce ga ranar da abin zai ƙare, ga ranakun da ba zan fita ba. Gudu huɗu a sati ya isa wanda burinsa ya gama kawai. Kuma yammacin Lahadi nata ne da yara, ko ƙafarka za ta cire.

Hafsat_Samaru: Anti Ummu_Hanan kin faɗi gaskiya. Amma ni dariya ma nake idan na ji maza suna kukan surutun mutane. Ku gwada fita gudu da hijabi ku gani. Ni a cikin makaranta kawai nake iya yi, in zagaya in zagaya har kaina ya fara juyawa, saboda a titin gari daga mai cewa "Hajiya lafiya?" sai mai bin ki a hankali da babur. Dogon gudu sai ƙanena ya raka ni a keke. Da aka yi rabin fanfalaki na Kaduna a 2020 ban shiga ba, kallo na je, amma ganin mata a ciki shi ya sa na fara.

Sarkin_Zolaya: Ƙanin nan shi ya cancanci lambar yabo.

Issoufou_Maradi: Salamu alaikum, daga Maraɗi nike. Mu nan wahalarmu rairayi da zahi. Amma ina son in ja hankalin mai tambaya ga wani abu da ba a taɓo ba. Kai kana atisaye cikin ɗari, iska busasshiya, zufa na bushewa nan take, kana jin daɗi. Legas ba haka take ba. Na yi zama Kwatano, iskar bakin teku iri ɗaya ce: tun da asuba jiki na naso, zufa ba ta bushewa, don haka ba ta sanyaya ka. Saurin da kake yi a Kano cikin Disamba, can ba za ka iya riƙe shi ba.

AbuSadiq_KD: Wallahi Issoufou ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Shekarar da na yi, daga babban filin wasa na Surulere aka tashi da sassafe, aka hau gadar Third Mainland, aka ƙare a Eko Atlantic. Gadar nan ta kusa kilomita 12, babu bishiya babu rumfa, ruwa hagu ruwa dama, kana hango ƙarshenta ba ta ƙarewa. 'Yan Kenya sun gama tun rana ba ta yi zafi ba. Mu 'yan awa biyar mu muka sha ranar ƙarfe goma da sha ɗaya. Shawarata, a sati biyu ko uku na ƙarshe kafin ka fara hutawa, ka mayar da wasu gajerun gudunka zuwa hantsi ko bayan la'asar, jiki ya ɗanɗana zafi. Yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba.

Mai_Lissafi: Ƙaramin gyara, tunda an ce 42: nisan kilomita 42 ne da mita 195. Daga gasar Olamfik ta Landan a 1908 aka samo shi, aka tabbatar da shi a 1921.

Sarkin_Zolaya: Mun gode Malam. Dan_Gwammaja, ka ji, ba 17 suka rage maka ba, 17 ne da mita 195.

AbuSadiq_KD: Kana wasa ne, amma wanda ya taɓa yi ya san mita 195 ɗin nan ba wasa ba ce.

Garba_Kasuwa: Ni tambayata takalmi. Nawa ne kuɗin na kirki yanzu? Na shiga wani shago na ga farashi na fito da baya-baya. Ba an ce akwai wanda ya ci gasar duniya ba takalmi ba?

Mai_Lissafi: Abebe Bikila na Habasha, a Olamfik ta birnin Rum, 1960. Awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ƙafarsa Allah. Amma bayan shekara huɗu da ya sake ci a Tokyo, da takalmi ya yi.

Nura_Jos: Kuma bai bi ta titin da aka fasa kwalba da ƙusa ba. Garba, gwanjo ma yana yi idan ka iya zaɓe. Kar ka duba kyan sama, juya shi ka ga ƙasan ko ya cinye ta gefe ɗaya, ka danna tsakiyar da yatsa ka ji ko akwai sauran laushi. Ka sayi wanda ya ɗara ƙafarka kaɗan, domin ƙafa tana kumbura a dogon gudu, in ba haka ba farcenka zai yi baƙi ya fita. Kuma kowane ne za ka sa ranar gasa, ka riga ka yi dogon gudu da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dan_Gwammaja: Nawa gwanjo ne daga Kofar Wambai, ya kusa shekara. Yanzu na juya shi, dunduniyar dama ta cinye ta waje.

Likitan_Gashi: Ƙafar da take ciwo ke nan. Ba zan rantse cewa takalmin ne kaɗai ba, amma ka sauya shi. Wani abu kuma da nake roƙon kowa a gidan nan: kar a sha maganin kashe zafin ciwo don a samu a yi gudu. Irin su ibuprofen da diclofenac, idan suka haɗu da rashin ruwa a jiki da zafin rana, ƙoda suke taɓawa. Tramadol kuwa ba sai na faɗa ba, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta shi lokacin gasa tun farkon 2024. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ciwon sukari ko sikila a jininsa, ya ga likita kafin ya ɗauki irin wannan nisa.

Malam_Habu: Ni abin da ya kayar da ni bara ba gwiwa ba ce, zazzaɓin cizon sauro ne. Ana tsakiyar shiri ya kwantar da ni, na tashi kilomita 5 ma ta gagare ni. Duk tsarin atisayen da za ka sauke a intanet, na mutanen da ba su san zazzaɓi ba ne, ba su san ɗaurin aure uku ranar Asabar ba, ba su san a ɗauke wuta a kwana ana fifita ba. Sati 16 ko 18 suke rubutawa a jere kamar babu abin da zai gitta. Sai mutum ya rasa sati ɗaya ya ce zai rama, ya haɗa biyu a ɗaya, daga nan sai rauni.

Hafsat_Samaru: Ga azumi kuma. Yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, nan gaba kaɗan cikin Janairu zai faɗo, daidai lokacin da masu shirin Legas suke gudunsu mafi tsawo. Ya za a yi ke nan?

Issoufou_Maradi: Ni cikin azumi bayan asham nike hita, in yi kaɗan. Wasu abokaina kuma minti 40 kahin shan ruwa, su gama daidai kiran salla. Dogon gudu dai sai dare.

Mai_Lissafi: Sifan Hassan, 'yar tseren ƙasar Holan, ta yi shirin gudun Landan na 2023 cikin azumi, an yi gasar kwana kaɗan bayan salla, shi ne fanfalakinta na farko, ta tsaya a hanya tana miƙe ƙugu, kuma ta zo ta ɗaya. A 2024 ta ci zinare a Olamfik ta Faris, ta karɓi lambar da ɗankwali a kanta.

Ummu_Hanan: Ita gudun ne sana'arta, Malam. Ba ta buɗe shago a Kwari ƙarfe tara, ba ta dafa abincin buɗa-baki na mutum goma. Idan ta gama atisaye kwanciya take yi. A daina auna mu da su.

Hafsat_Samaru: Haka ne Anti, amma ni dai ranar da na ga hoton nan nata na ji daɗi har raina.

Garba_Kasuwa: Mu koma kan mai tambaya. Ni a ganina ya haƙura ya yi na kilomita 10 bana. Mutum bai taɓa wuce 25 ba, ga gwiwa, ga gida ba daɗi, ga kuɗin mota da masauki a Legas. Gasar ba guduwa za ta yi ba, akwai baɗi. In yana son gwaji ma akwai na Okpekpe a jihar Edo, kilomita 10 ne.

AbuSadiq_KD: Ban yarda ba. Sati goma lokaci ne. Biyu na jinyar gwiwa da rage nisa, biyar na hawa a hankali har ya taɓa 30 ko 32 sau ɗaya, uku na ƙarshe na saukowa da hutu. Ba a bukatar ka yi 42 a atisaye, kusan babu mai yi.

Nura_Jos: Ni kuma ban ga dole sai ya taɓa 32 ba. Mai tafiya a hankali, 32 za ta ci masa kusan awa huɗu, ya kwashe sati yana farfaɗowa. Ya tsaya a awa uku ko da ɗan ɗori, duk inda ya kai. Ranar gasa kuma ya haɗa da tafiya tun daga farko, gudu minti tara tafiya minti ɗaya, ba sai ya galabaita ba.

Baba_Tsohon_Soja: Tafiya kuma? To ai sai ya ce ya je yawo Legas.

Nura_Jos: Baba, lambar da ake rataya wa wanda ya gama ba a rubuta mata ko ya yi tafiya.

AbuSadiq_KD: Nura, a nan mun saɓa. Ba don ƙafa kaɗai ake yin 30 ba, don zuciya ne. Wanda bai taɓa ganin 30 a agogonsa ba, idan ya gan ta ranar gasa ga rana ga gajiya, tsoro ne zai fara kayar da shi.

Likitan_Gashi: Ku biyun duka kuna magana kamar gwiwar ta riga ta warke. A bari a ga sati biyun nan tukuna.

Malam_Habu: Wani abu kan ruwa, tunda an tsorata shi da zafin Legas. Kar kuma ya je ya yi ta ɗurawa cikinsa ruwa zalla a kowane tebur. Mai jinkiri da yake awa biyar yana sha ba ƙaƙƙautawa, gishirin jininsa yana iya sauka, kuma wannan ma yana kai mutum asibiti. Ni ruwan gishiri da sukari na yara nake haɗawa a gora in riƙa kurɓa. Sannan man shafawa a hammata da tsakanin cinyoyi, da filasta a kan nono. Kar ka ji kunya, wanda ya ga jini a gaban rigarsa ba ya sake mantawa.

Sarkin_Zolaya: Filasta a ina?! Hajiya ta yi gaskiya wallahi.

Dan_Gwammaja: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare na yi magana da maiɗakin kamar yadda Anti Ummu_Hanan ta ce. Ta ce ta ji, amma da sharaɗin in na tafi Legas zan biya ta kasuwar Balogun in yi mata sayayya, kuma daga Fabrairu ba ta son sake jin kalmar kilomita har bayan babbar salla. Zan koma gudu huɗu a sati, Lahadi mai zuwa 14 kawai zan yi a hankali da dabino a aljihu. Maganar 42 ko 10 ban yanke ba. Likita, wane irin motsa ƙugu kake nufi? Ka yi min bayani yadda zan gane.

Likitan_Gashi: Kwanta ta gefe, ƙafar sama a miƙe, ka ɗaga ta sama kaɗan ta baya-baya ka sauke a hankali, har sai ka ji gefen ɗuwawu ya ɗau zafi. Sai kuma ka kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwoyi, ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe. Da wannan za ka fara. Ka dawo mana da labari bayan Lahadi biyu.

Garba_Kasuwa: Har yanzu ina kan bakata, 10 ta fi masa. Amma in ya dage, ya tafi da kwana biyu a hannu. Mutum ba zai kwana a zaune cikin mota daga Kano ba, ya sauka da kumburarriyar ƙafa, washegari ya ce zai yi 42.

Hafsat_Samaru: Akwai wadda za ta je daga Zariya ko Kaduna a cikin matan gidan nan? Na kilomita 10 nake so in shiga, amma Baba ya ce sai in da abokiyar tafiya.

Ummu_Hanan: Ki yi min magana ta akwatin sirri, ƙanwata. Ina da 'yar'uwa a Agege, za mu ga yadda za a yi.